Madugu Tanko da Alfadarin da Bai Fito a Sinima Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Laraba, aka fara. Na duba agogon aljihuna, shi ya sa na sani. Wurin kuwa gindin mangwaron nan ne na ƙofar gidan kawuna Madugu Tanko, a Zangon Sokode. Waɗanda suke nan: shi Kawu a kan buzunsa, ni Isufu, ɗan ƙanwarsa, mai awon auduga a magaza, wato ɗakin ajiyar kamfani, Sarkin Fawa Bawa, abokinsa tun suna samari, wanda bai taɓa zuwa wuri ba sai don ya sami abin musu, Alfa Idi na'ibin liman, sai matar Kawu, Iya Ladi, a bayan danga tana tankaɗe, tana cewa ita ba saurare take yi ba. Akwai masu tsayuwa kamar goma. Ban riƙe sunayensu ba, kada wani ya ce da gangan na tsallake shi.

An ce in rubuta abin da na sani game da marigayi Kawu kafin sadakar arba'in. Zan bi shi bi da bi. Mai gaggawa ya yi haƙuri, don shi kansa mai labarin bai taɓa yarda an yi masa gaggawa ba.

Da farko, littafin. Na Faransanci ne, kuma mai dafa wa Bature kumanda abinci, wani Bakotokoli mai suna Bukari, shi ya ba ni ranar da maigidansa ya koma ƙasarsu. Labarin wani soja ne mai takobi, na zamanin sarakunansu na da. An kama yayansa an kulle a wani kurkuku bayan duwatsu, shi kuma ya ɗaura sirdi ya tafi ƙwato shi. Akawunan Lome sun ce mini can ƙasar Nasara a jarida aka fara buga shi kaɗan-kaɗan, mutane suna ɗokin fitowarsa, daga baya aka ɗinke shi ya zama littafi. Sunayen cikinsa ba su faɗuwa a bakin Kawu, sai ya raɗa musu nasa. Sojan ya zama Dogo. Mugun hakimin da ya kulle yayan ya zama Jan Gemu. Akwai kuma wani alfadari da ke ɗaukar wa Dogo kaya. Marubucin sau uku ko huɗu kawai ya ambace shi, amma a bakin Kawu ya fi Dogo suna.

Tsarin shi ne: bayan sallar asuba in karanta wa Kawu shi kaɗai, in juya masa da Hausa. Shekara huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, ba na alfahari da Faransancina, amma ina lalubawa ina kaiwa. Da la'asar in buɗe littafin a gaban jama'a in karanta layi biyu ko uku da ƙarfi, don a ji daga takarda abin yake fitowa. Daga nan Kawu ya karɓa.

To, ranar nan ta farko Kawu ya ba da labarin yadda Dogo ya yi sallama da uwarsa, ya ɗaure wa alfadari kaya, ya fita ƙofar gari. Na karanta layi na gaba, na ce masa, "Bayan kwana goma suka isa wani gari a bakin kogi."

Kawu ya miƙo hannu ya rufe littafin a kan yatsana. Ya ce, "A sauke kaya."

Sarkin Fawa ya ce, "Tanko, yanzu fa aka fara. Ko goron da na fasa ban gama ba."

"Kwana nawa ka ce, Isufu?"

Na ce, "Goma."

"To sai Asabar ta sama. Kowa ya tafi harkarsa."

"Kai Tanko, ai layi ɗaya ne a takarda."

"A takarda layi ɗaya ne. A ƙafar alfadari kwana goma ne. Ka taɓa kora dabba da kaya, Bawa, ko yankawa kawai ka iya?"

Haka aka yi. Kun san shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan ayari, goro daga Gwanja, kanwa da tufafi daga arewa, har jirgin ƙasa ya iso Blita, manyan motoci suka cinye hanyar, ya zauna. Bai yarda a yi tafiyar da ba ta yiwuwa ba, ko da a baki ne. In littafi ya ce kwana uku, kwana uku za a jira. In ya ce sun kwana a hanya ba ruwa, ranar sai ka ga Kawu yana fushi da kowa.

Na biyu, maganar shekara biyu. Wajen wata na biyar jama'a ta cika har hanya. Masu koko da ƙosai sun dawo da tukwanensu gindin mangwaron, Kotokoli daga cikin gari suna zuwa da mai juya musu magana. A nan ne Jan Gemu ya yi wa Dogo tarko, aka kama shi aka jefa a ɗakin duhu. Layi na gaba ya ce shekara biyu suka wuce. Da asuba na yi tunanin in tsallake shi, amma ban saba ba, na karanta.

Da la'asar Kawu ya dubi jama'a ya ce, "A sauke kaya. Wanda Allah ya kai shi baɗin baɗaɗa, ya zo."

Wuri ya yamutse. Aka tura Alfa Idi ya ba shi baki. Alfa ya gyara rawani ya ce, "Madugu, ko salla ma ana rage wa matafiyi. Ka rage mana."

Kawu ya ce, "Gafarta malam, Dogo yanzu ba matafiyi ba ne. Mazauni ne, da sarƙa a ƙafa. A wane littafi aka rage wa mazauni?"

Alfa ya ce bari ya je ya duba.

Sai muryar Iya Ladi daga bayan danga. "Madugu, wai ni kam, in Dogo zai shekara biyu a ɗaure, wa ke ba alfadarin ciyawa? Ba a ƙofar masauki ya ɗaure shi ba?"

Kawu ya juyo gare ni. Na duba gaba, na duba baya, na ce littafi bai faɗa ba.

Ranar bai ci tuwo ba. Washegari ma na same shi yana zagaye tsakar gida. A rana ta uku ya aika aka tara mutane, ya ce, "Na saki Dogo. Ba don ku ba. Dabba ba ta wuce kwana uku ba ci ba sha. Wannan marubucin ko akuya bai taɓa kiwo ba."

Na uku. Wannan shi ne abin da ba ku sani ba, kuma shi ya sa na yarda in yi rubutun.

Littafin ba shi da ƙarshe. Bukari ya yi ta yagar ganyen baya yana hura wuta da su kafin ya ba ni. Na lura tun sati na biyu, na gaya wa Kawu, na ce gara mu sanar da jama'a tun da wuri. Ya ce, "Ni na taɓa gaya wa ayari tun a gida cewa rijiyar gaba ta ƙafe? Yi shiru, mu je mu gani."

Muka je muka gani, bayan shekara ɗaya da wata huɗu. Takarda ta ƙare a tsakiyar magana: Dogo yana tsaye a ƙofar kurkukun da yayansa yake, hannunsa a kan ƙotar takobi. Daga nan sai zare da ragowar manne.

Na ce, "Kawu, yau dai sai gaskiya."

Ya ce, "Ka buɗe inda ka ga dama, ka yi ta Faransancinka. Sauran nawa ne."

"Kawu, ni ban taɓa rage wa mai auduga ko tsinke a sikeli ba."

"Ban ce ka rage ba. Ƙari za mu yi."

Da la'asar na buɗe shafin farko, don shi na fi iyawa, na karanta da ƙarfi. Sarkin Fawa ya leƙo. Ya ce, "Isufu, kamar ka koma farko."

Kawu ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Alfa, in kana karatu ka zo ƙarshen littafi, a wane hannu ganyen da ya rage yake?"

Alfa ya ce, "A hagu mana, 'yan kaɗan. Tulin yana dama."

"Dubi hannun Isufu."

Alfa ya duba. Ganye biyu a hagu, tuli a dama. Ya ce, "Ƙarshe ne, babu shakka." Mutanen da duk karatunsu daga dama yake farawa suka gyaɗa kai, aka yi wa Sarkin Fawa dariya, ya koma ya zauna.

Kwana tara Kawu ya yi yana ba da ƙarshen, ni kuma kwana tara ina karanta shafi ɗaya. Ga yadda ya kai shi. Dogo ya sauke hannu daga takobi. Ya sauka a gidan wani fatoma, mai saukar da fatake a garin, ya yi kwana uku yana gaida manya, ya gano wace ce uwar Jan Gemu, ya kai mata gishiri da turmin zane. Tsohuwa ta kira ɗanta ta zage shi tas. Aka zauna a gaban dattawa, aka yi magana, aka sako yayan. Suka kamo hanyar gida zango-zango, ba su tsallake ko ɗaya ba. A ƙofar gari Dogo ya ƙirga mutanensa da dabbobinsa, ba wanda ya ɓace. Yayan ya shiga gari a kan alfadari, don ƙafarsa ta kumbura. Dogo ya sa aka mai da takobin lauje, ya kama fatauci.

Ranar da suka iso mata sun yi kuka a bayan danga. Iya Ladi ta yi waina ta raba sadaka. Labarin ya kai har kasuwar Awuda da bakin Kotokoli, an sa wa jakuna da yawa suna Dogo, kuma in 'yan'uwa suka yi faɗa sai dattawa su ce, ko Dogo ma bai zare takobi ba. Duk wanda ya tambaya, Kawu ya ce masa, "Haka yake a rubuce. Ga Isufu nan."

Ku tuna wane ne Kawu a garin nan. In aka yi gardama a gaban Sarkin Zango kan iyakar gida ko kan amanar da aka bar wa wani, in Madugu Tanko ya ce ga yadda aka yi, magana ta mutu. Motoci sun raba shi da ayari, ba shi da shago, ba shi da garke. Maganarsa kawai ta rage masa, kuma ita ya ɗora a kan wannan ƙarshen.

Na huɗu, sinima. Bayan shekara uku, wata safiya ina wucewa ta ƙofar buron kumanda, wato ofishinsa, na ga an manna takarda mai hoto: mutum a kan doki da takobi. Na karanta sunan da ke sama. Sunan littafinmu ne, harafi da harafi. Kafin azahar mai shela ya zaga gari cewa motar sinima tana tafe daga Blita.

Na je wa Kawu da gudu. Na same shi Iya Ladi tana sa wa babbar rigarsa turare.

Na ja shi gefe na ce, "Kawu, za a nuna ƙarshen. Na gaskiyan. A gaban kowa."

Ya ce, "To madalla. Su ma su kawo nasu mu gani."

Ƙarfe bakwai saura kwata, bayan magariba, aka kunna inji a filin kasuwa. An kafa farin ƙyalle tsakanin itace biyu. Sarkin Zango ya sa aka ajiye wa Kawu kujera a gaba, don shi zai yi wa jama'a bayani. Mutanen cikin ƙyallen Faransanci suke yi, Kawu bai san ko kalma ɗaya ba, amma bai bar magana ɗaya ta wuce ba fassara ba.

Tun daga farko bai ji daɗinsu ba. Dogo ya fito gida da sukuwa. Kawu ya ce, "Wannan dokin ba zai kai azahar ba." Kafin a yi haka sai ga su a bakin kogi. Kawu ya ce, "Kwana goma ke nan wai. Ba su sha ruwa ba, ba su yi salla ba." Ya ɗaga sanda ya ce wa mai inji a sauke kaya. Mai injin mutumin Lome ne, ya ɗauka gaishe shi ake yi, ya ɗago hannu.

Can daga wajen mata sai Iya Ladi ta ce, "Madugu, ina alfadarin?"

Gaskiya babu alfadari. Masu sinima sun cire shi ɗungum. Kowa ya juyo wajen Kawu.

Kawu bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Yana baya da kaya. Kin taɓa ganin an sa dabbar kaya a gaba?"

Ta ce haka ne. Ta ci gaba da duban gefen ƙyalle tana jiran fitowarsa.

Faifai biyar ne. Ana cikin na huɗu, Dogo ya hango kurkuku daga kan dutse, ni kuma ina karanta duk addu'ar da na sani. Ƙarfe takwas da minti biyar iska ta taso ta naɗe ƙyallen, ruwan farkon damina ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai inji ya rufe kayansa da tamfol, kowa ya ruga. Washegari da sassafe motar ta yi arewa, don an riga an yanka mata ranakun kowane gari. Ban taɓa son ruwan sama kamar na ranar ba.

Da la'asar sai Sarkin Fawa ya zo gindin mangwaro yana sakace haƙori. Ya ce, "Dama ina da sayen shanu a Dapango. An ce can motar za ta ƙare. Zan kalli ƙarshen in zo in ba ku labari."

Kawu ya ce, "Kai za ka ba da labari? Kai da ko mafarkinka ba ka iya faɗa daidai ba? Da ni za a je. Isufu, nemi izini a wurin aiki."

Na biyar, tafiyar. Kun san ya rantse ba zai taɓa hawa motar da ta kashe masa sana'a ba. A tasha ya tsaya ya harɗe hannu, ya ce ni da Sarkin Fawa mu ɗaga shi mu ɗora a kan buhunan gishiri. Muka ɗora. Ya gyara zama ya ce wa mutanen tasha, "Ku shaida, ni ban hau ba. Loda ni aka yi."

Direban ɗan wani tsohon ɗan alaronsa ne, ba ya iya yi masa musu. Duk inda muka zo tsohon zango sai Kawu ya buga rufin mota da sanda, a tsaya, ya sauka ya gaida fatoma. In fatoman ya mutu a gaida 'ya'yansa, in sun tashi a gaida rijiyar. Da haka muka isa Kara an ce mana jiya sinima ta wuce. Muka isa Mango, an ce jiya ta haye kogi. Na fara samun natsuwa, na ce a raina tsohon nan da dabara yake yi, so yake mu rasa ta gaba ɗaya. Amma a Bumbuwaka shi ya tayar da direba tun kafin a shafa addu'ar asuba, ya ce yau ba tsayawa.

Na ce masa a hankali, "Kawu, in muka ƙara kwana ɗaya mun tsira."

Ya ce, "Ni ma so nake in gani."

Ranar kasuwar shanu muka shiga Dapango. Da magariba filin ya cika da dillalan kara, da Fulani da sandunansu, da manoman Moba. Ba wanda ya san Kawu sai tsofaffi biyu uku. Muka zauna a tabarma ɗaya, shi a tsakiya. Wannan karon bai yi fassara ba, ido kawai ya zuba, tun daga faifai na farko.

Ga abin da faifai na biyar ya nuna. Dogo ya zare takobi tun daga ƙofa. Ya kashe masu gadi, ya kashe Jan Gemu a kan matakala. Ya sami yayansa da rauni a ƙirji, ya ɗora kansa a cinya, yayan ya yi magana kaɗan ya cika. Daga nan Dogo ya auri wata mace mai faffaɗar hula ya zauna a gidan sarki. Ba komawa gida, ba fatauci, ba alfadari.

Aka kashe inji. Sarkin Fawa ya juyo a hankali.

"Tanko."

"Na'am."

"Ba haka ka ce ba."

Ni dai ƙasa nake kallo. Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Bai amsa wa Sarkin Fawa ba, sai ya fuskanci dillalan da ke kaɗe riguna za su tafi.

Ya ce, "Jama'ar kara, ku dakata, baƙo yana da tambaya. Dokin da mutumin nan ya fito da shi daga gidan ubansa, yaya ƙafarsa ta gaba take?"

Wani tsohon Bafillace ya ce, "Ta hagu fara ce har gwiwa."

"Wanda ya haye kogi da shi fa?"

Wani dillali ya ce, "Wannan ba fari a ƙafarsa ko ɗigo. A goshi yake da shi. Tun ɗazu nake gaya wa na kusa da ni."

"To wanda ya kai shi ƙofar kurkuku?"

Sai dariya ta tashi daga ko'ina. Bafillacen ya ce, "Baba, wannan ai goɗiya ce."

Kawu ya juyo. Ya ce, "Ka ji, Bawa. Doki uku, ɗaya ma mace, an ce mana guda ne, ba a ko ji kunyar idonmu ba. Kai Sarkin Fawa ne. Mutumin da ya canja maka dabba sau biyu a ciniki ɗaya, za ka karɓi shaidarsa a kan mutuwar mutum?"

Sarkin Fawa ya tauna goronsa. Ya ce, "Goɗiyar kam na gan ta."

Kawu bai tsaya nan ba. Ya ja ni wurin mai inji ya ce in tambaye shi ko ya karanta littafin. Mutumin ya ce bai karanta ba, shi juya faifai ne aikinsa, amma waɗanda suka karanta a Lome sun yi ta ƙorafi cewa masu sinima sun canja abubuwa da yawa. Na juya wannan da Hausa da ƙarfi, kalma da kalma. Rabona da yin fassara da zuciya ɗaya haka har na manta.

Da muka dawo Sokode, Sarkin Fawa da bakinsa ya tsaya gindin mangwaro ya ce sinima maƙaryaciya ce, ta sayar musu da goɗiya a matsayin ingarma, kuma ta kashe mutumin da kowa ya san ya dawo gida. Iya Ladi ta ce dama tun da suka ɓoye alfadari ta san ba mutanen kirki ba ne. Daga ranar har ya bar duniya ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma Sarkin Zango ya ci gaba da aikowa a kira shi shaida.

Saura abu biyu, gajeru.

A hanyar dawowa, a Mango, muna zaune bakin kogi muna jiran jirgin fito, Sarkin Fawa ya tafi duba shanunsa. Kawu ya ce, "Isufu, a naka ganin, a littafin ya mutu?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya ce, "Wataƙila ya mutu. Irin wannan tafiyar ana mutuwa." Ya mai da ido kan ruwa. Tsofaffin cikinku sun san yayansa Ɗanlami, wanda zazzaɓi ya kayar a hanyar Gwanja saura zango biyu a iso gida, aka binne shi a can, Kawu ya shigo gari yana jan jakinsa. Ni ban taɓa jin ya ambaci sunansa ba, ranar ma bai ambata ba. Cewa kawai ya yi, "Sau ɗaya na shigo gari ba yayana. Ban ga dalilin da zan sake ba, alhali bakin nawa ne."

Ya rasu ranar Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na safe. Kwana biyu kafin nan ya ce mini in ya tafi in faɗa, don kada in tsufa da nauyin, amma in faɗa bi da bi, kada in fara daga ƙarshe. Da muka dawo daga maƙabarta na ga ya kamata Sarkin Fawa ya fara ji. Na fara ke nan ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Yaro, kwana tara yatsanka bai motsa daga wuri ɗaya ba. Ni makaho ne?"

Na ce, "To Baba, me ya kai ka Dapango?"

Ya ce, "Na je in ga ta inda zai fita." Ya share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin tukuba ne, alhali ba tukuba a wurin.

Allah ya jiƙan Madugu Tanko, ya yafe masa ƙarin da ya yi, ya yafe mini karatun da na yi masa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Ɗanlami a inda ba a rabuwa. Amin.

Roƙona gare ka, kai mai karanta wannan takarda, guda ɗaya ne. Iya Ladi tana nan da ranta, ba ta karatu, kuma a wurinta yayan Dogo ya dawo gida a kan alfadari. In ka je yi mata gaisuwa, ka bar takardar nan a aljihunka. In ta ɗauko maka labarin, ka zauna ka saurara har su shiga gari.